Irin Albasar Inna a Bayan Farin Layi

Wata Laraba ce da hantsi, cikin bazarar shekarar da aka tashe mu daga gungunmu saboda dam ɗin Kainji, na ga Inna ta yi gudun da ban taɓa ganin babbar mace ta yi ba. Muna zaune a inuwar giginya a gefen filin jirgi, tana tsefe mini kai, sai ta ture ni ta zabura, ɗankwalinta ya faɗi ko waiwaye ba ta yi ba.

Mu mutanen gungu ne, tsibiri a tsakiyar kogin Kwara, kuma da albasa aka san gidanmu. Da aka ce ruwa zai cinye garin, wasu suka ɗauki tukwane, wasu komar kifi, Inna kuwa ta rungumo tulun irin albasa. Iri ne da ta gada daga kakata, ƙanana baƙi wuluk, marasa nauyi, ko atishawa ka yi sai su watse. A kwalekwale ruwa ya fantsama cikin tulun, dole a shanya ko ya ruɓe. Sabbin gidajen siminti da aka ba mu kusa da Yelwa kuwa ba wurin shanya, kajin maƙwabta da awaki sun fi mu sanin tsakar gidan.

Filin jirgin nan shararre ne, ƙasa a daɓe, mai gadi ba ya barin akuya ta taka. Wani ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya yakan kawo masu awon ƙasa. An jera duwatsu masu farar ƙasa a gefensa biyu, an ja wani farin layi ya ratsa shi, bayan layin kuma an zana kibau har zuwa gindin giginyu. Mu yara mun mayar da kibau ɗin wurin langa, matan unguwa kuma suka zuba ido har suka gane cewa jirgin bai taɓa dira bayan layin ba, kullum sai ya ƙetare shi. Shi ke nan suka yanke hukunci, kamar su suka ƙera jirgin. Maƙwabciyarmu Gwaggo Asabe takan ce, "Hwarin layin ga shi na iyaka, nan nashi, nan namu." Inna ta yarda, ta shimfiɗa tabarmi biyu a can ƙarshen kibau ta baje irinta.

Ranar jirgin ya cika da mutane da akwatuna. Muka ga ya taho a ƙasa a hankali yana rangaji, yana shirin tashi. Ya iso layin, muna jira ya juya yadda ya saba, sai ya tsallake. Ya bi kan kibau ɗaya bayan ɗaya har kusa da tabarmin, ya yi kwana, wutsiyarsa ta kalli irin. Tabarmi kawai matuƙin ya gani, mu muna cikin inuwa, kuma da ya juya ba ya ganin bayansa. A nan ne Inna ta ruga. Ta warware mayafinta ta rufe tabarma ɗaya ta kwanta a kai rub da ciki. Mai gadi yana can nesa yana ihu yana kaɗa hula. Ta ɗago ta daka mini tsawa: "Koma, Hauwa! Kak ki taho!" Ban ji ba. Na faɗa kusa da ita na danne bakin mayafin da gwiwoyina.

Sai matuƙin ya ƙara wa jirgin wuta. Ƙarar ta shiga haƙorana, tsakuwa ta riƙa tsula mini a baya kamar bulala, ban iya buɗe ido ba. Na ji mayafin yana fizgewa daga hannuna, na cije shi da baki. Inna tana salati a kunnena, hannunta ɗaya ya danne ƙeyata. Na tsorata ƙwarai, na ɗauka mu ma iskar za ta kwashe mu. Da ƙarar ta yi nisa na ɗago, tabarma ta biyu tana rataye a kan wata ƙaya, wayam.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga mayafin a hankali ta leƙa, ta ga baƙin irin yana nan. Sannan ta duba bayana da ya kumbura, ta ja kunnena don na ƙi jin magana, ta rungume ni. Abin da ya rage shi muka shuka a bakin tafki da ruwa ya ja baya, ya kuma yi.

Sai da na girma na gane cewa layin na sauka ne kawai, don jirgi ya wuce saman giginyu lafiya. Wurin kibau kuwa matuƙi yana da damar fara gudun tashi daga can, balle in kaya sun yi nauyi. Ba wanda ya gaya mana, mu ma ba mu tambaya ba. Yanzu a gwangwani ake sayen iri a kasuwa, gungunmu yana ƙarƙashin ruwa, Inna ta riga mu gidan gaskiya. Da na hau jirgi zuwa aikin Hajji, fasinjoji kowa yana addu'ar gaba, ni ina ta leƙen baya ta taga. Har yau in na ji jirgi ya ƙara wuta, bayana ne ke fara yin zafi.