Tabarmar Alhaji Mudi a Bakin Tafki

Salman ya zo Duwala daga Gusau yana saurayi, ba shi da kowa. Alhaji Mudi, mai rumfar atamfa a kasuwar Marché Congo, ya ɗauke shi aiki, ya ba shi ɗaki a gidansa na unguwar New Bell, daga baya ya ba shi 'yarsa Amatullahi. Ni maƙwabciyarsu ce, katanga ɗaya ta raba mu. Tuwon da Salman ke ci da rufin da ke kansa duk na surukinsa ne. Alhaji ba mugu ba ne. Amma ko tari Salman zai yi, sai ya duba ko Alhaji yana tsakar gida.

Gudu kaɗai ne abin da ya mallaka. Bayan sallar asuba yakan bi lunguna yana tsallake kwata, masu bensikin, wato babur ɗin haya, suna yi masa ihu, "Aboki, wa ya biyo ka?"

Bara aka shirya tseren kilomita ashirin da ɗaya a wani lambu da ke bakin tafki, can bayan unguwar Village. Tafkin ƙarami ne, sai an zagaye shi sau bakwai. Wani mai horar da 'yan gudu ya ce wa Salman in ya shiga biyar na farko zai tafi da shi Yawunde, inda ƙungiyarsu ke ba da aikin gadi da ɗaki. Ɗakinsa shi da matarsa, ba idon kowa. Shekarunsa sun fara ja, ya san ba za a sake yi masa wannan tayi ba.

Bai faɗa wa Alhaji ba. Amatullahi ce ta faɗa, don murna.

Na je ranar da kular zoɓona, ina sayarwa. An tashi gudu ke nan sai ga Alhaji da babbar riga, ya shimfiɗa tabarma dab da hanyar, ya zauna da carbinsa.

Salman ya kewayo yana cikin na gaba, da gajeren wando, cinya a waje. Da ya hango surukinsa na ga ƙafarsa ta rikice. Ya ja wandon ƙasa, wandon ya ƙi. Ya tsaya, ya tuɓe takalma, ya durƙusa.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau, Malam Salman. Ina gajiya? Ya ka baro mutanen gidan?"

Gidan da suka kwana tare. Kafin ya ɗaure takalma mutane da yawa sun wuce. Mai horarwan ya dafe kai yana ihu da Faransanci, "Mais qu'est-ce que tu fais?" Wato, me kake yi haka?

A bayan tafki ya kamo su, don yaron na da ƙafa. Amma hanya ta sake dawo da shi gaban tabarma. Wannan karon bai tuɓe takalma ba, ya dai durƙusa.

"Sannu da hutawa, Baba."

"Sannu da ƙoƙari. Allah ya yi albarka."

Na matsa na ce, "Alhaji, don Allah ka koma bayan bishiyar can. Kai ne kake kayar da shi."

Ya dube ni. "Hajiya, na riƙe masa ƙafa ne? Addu'a na zo yi masa."

A zagaye na huɗu Salman ya kau da kai wajen ruwa, kamar bai gani ba. Na ce a raina, yauwa. Alhaji ya yi gyaran murya, ƙila ƙura ce ta shaƙe shi. Gwiwar Salman ta lanƙwashe da kanta. Haka aka yi ta yi har ƙarshe, ya cinye tazara a bayan tafki, ya zubar a gaban tabarma. Amatullahi da ke cikin 'yan kallo ta rufe fuska da mayafi.

Ya zo na tara. Mai horarwan ko kallonsa bai yi ba, ya tara yaransa biyar suka shiga mota.

Salman ya sa dogon wando, ya naɗe tabarmar, ya saɓa a kafaɗa. Alhaji na gaba yana gaya wa duk wanda suka gamu da shi cewa cikin 'yan gudun nan kaf, surukinsa ne kaɗai mai tarbiyya. A bakin titi ya waiwayo.

"Baɗi ka faɗa mini da wuri, in gayyato su Malam Ilu mu zo tare."

Salman ya ce, "To, Baba."