Waiwayen Kawu

Ni dai kowa a Mpape ya san ni da zaman gida. Amma ranar Asabar ɗiyata da abokan aikinta suka ja ni yawon daji, wai motsa jiki. Ƙamshin ɗanyen ganye na bugo ni, sai na tuna Kawu, yayan mahaifiyata.

Sau ɗaya ya taɓa kai ni daji neman sassaƙe. Duk inda hanya ta rabu biyu, sai ya tsaya ya waiwaya. Na ce, "Kawu, wani ke bin mu ne?" Ya yi dariya. "Ke dai juyo ki duba, sarkin surutu. Kamannin hanya a tafiya daban, a dawowa daban."

To, a ranar Asabar ɗin nan, da la'asar muka juyo gida, sai ma'aikatan nan suka yi cirko-cirko a mararraba. Ga hadari ya haɗo, waya ba sabis. Na ce, "Ku biyo ni, 'yan boko. Ta gefen ɗorawar can mai ƙonannen gindi muka shigo." Tun da safe na waiwaya na gan ta.

Kawu, Allah ya haskaka makwancinka, ya kai ka gida yadda ka kawo mu.