Zaren Buhu

Ɗakin saƙa na furoje, aikin taimakon nan da aka kawo mana, yana nan har yau a bakin garinmu, ta hanyar Guci. Kwanon rufinsa ya yi tsatsa, awaki ne ke shan inuwa a ciki. In na bi ta wurin ba na waiwayawa.

Maigidana masaƙi ne, ubansa ma masaƙi. Ni nake kaɗi, shi yake saƙa. Masaƙarsa tana gindin tsamiya a ƙofar gida, zarenta ya miƙe taki ashirin har kan kunkuru, dutsen nan da ke riƙe zare ya tsaya a miƙe. Allah ya ba mu ɗiya mata biyu, bai ba mu namiji ba. A wurinmu kuwa irin wannan masaƙa ta maza ce. Mace ba ta zama a kanta, ko ƙoshiyar da ake jefawa ba ta taɓawa.

Da shekarun fari suka zo, auduga ta ƙare. Wanda ba shi da hatsi a rumbu ba ya ba auduga gona. Masaƙan garinmu wasu suka tsallaka iyaka neman abinci, sauran suka zauna gindin bishiya suna ba juna labarin gwadunan da suka taɓa saƙawa. A lokacin ne kamiyo, babbar motar kaya, ya fara kawo garin abinci na taimako cikin buhu na farin yadi. Mutane suna ɗinka riguna da buhunan, ka ga dattijo yana tafe da rubutun Nasara a gadon bayansa.

Maigidana ya ɗauki buhu guda, ya wanke da ruwan toka har rubutun ya koɗe, ya zauna yana zare zaren ɗaya bayan ɗaya. Gajeru ne, kamu biyu ko uku, ba su da ƙarfi. Ya miƙo mini ya ce in gwada murza su biyu-biyu a mazari, in haɗa bakinsu ba ƙulli. Na yi. Da ya ɗora a masaƙa suka tsitstsinke. Da can ƙullun hatsi ake shafa wa zare ya yi ƙarfi, amma a wannan shekara wa zai ba zare abin da bai ba ɗiyarsa ba? Sai ya shiga daji ya ɓamɓaro ƙaro a jikin itacen dakwara, ya jiƙa. Na farko ya yi kauri, zaren ya bushe kamar tsinke yana karyewa. Na biyu ya yi ruwa, bai riƙe komai ba. Rani guda cur yana wannan. A ƙarshe yatsunsa suka gane. Yakan tsoma babban yatsa da manuni a ƙwaryar, ya buɗe su a hankali, ya dubi yadda silin ke miƙewa kafin ya yanke. Kuma a inuwa ake shanya zaren, rana tana kashe shi.

Gwadon farko da ya kai kasuwar Guci wani makiyayi ne ya ɗauka. Kasuwa mai zuwa ya dawo da ɗan'uwansa.

Muna da sarkin masaƙa. Gadon sarautar ya yi, ban taɓa ganin ƙafarsa a masaƙa ba tun da aka kawo ni garin. Shi ya sa wa maigidana suna masaƙin buhu. Yakan ce wanda duk ya rufa da gwadon nan ya kwana da sanda kusa, don ɓeraye za su biyo ƙamshin gari. 'Yan zaman gindin bishiya su yi ta dariya, hannuwansu a kan gwiwa, ba abin da suka saƙa tun bara waccan.

A damina ta biyu tari ya kama maigidana. Mu biyun mun san irin tarin. Tun daga nan abu guda ya rage masa a rai: kada abin da ya gano ya bi shi kabari. Ya zagaya gidajen masaƙa yana roƙon a ba shi ko saurayi ɗaya ya koya masa. Wani ya ce ɗansa ba bara zai yi ba. Wani ya ce sai ya yi shawara da sarki.

Sai furoje ya zo. Wani mushe ne ya kawo shi, ma'aikaci ɗan boko daga Magariya, yaro mai ladabi, yana durƙusa wa manya in zai gaishe su. Ba na ce yana da mugunta ba. Ya dai yarda cewa abin da ba a rubuta a kaye ba, wato littafin rubutunsa, babu shi. Suka gina ɗaki na siminti, tsawonsa da faɗinsa ɗaya, taki shida. Suka kawo masaƙar ƙarfe mai faɗi, aka ce samari za su yi istaj, wato koyon aiki, a kanta. Aka kafa koperatif, ƙungiyar masaƙa ke nan, aka nemi shugaba, sarkin masaƙa ya miƙe tun ba a gama tambaya ba.

Ranar buɗewa aka ce masaƙa su shigo da nasu kayan na gargajiya, baƙi su ga tsoho su ga sabo. Mu mata an tara mu bakin ƙofa don guɗa da ɗibar ruwa, a idona aka yi komai. Ba wanda ya tambayi masaƙi ko ɗaya tsawon zarensa kafin a aza tubali. Zare mai taki ashirin ya rasa inda zai miƙe a ɗaki mai taki shida, dole aka fitar da shi ta ƙofa, kunkuru yana can waje cikin rana. Manyan baƙi suna tattare riguna suna tsallakawa, ɗaya takalminsa ya harɗe. Sarkin masaƙa ya ce laifin zaren ne.

Maigidana ya je da fata. Ya ɗauki gwado, da curin zaren buhu, da ƙwaryar ruwan ƙaro. Bayan jawabai ya matsa wurin mushe, ya shimfiɗa masa gwadon, ya roƙi a ba shi yini ɗaya a mako cikin istaj ɗin ya nuna wa samari. Mushe ya shafa gwadon, na ga ya yi mamaki. Ya buɗe kaye ya tambayi garam nawa na ƙaro ake sawa a litir guda na ruwa. Maigidana ya ce bai sani ba, ƙaron wata bishiya ya fi na wata ƙarfi, amma ya sa yatsa zai ji. Mushe ya sa yatsa ɗaya, ya ciro, ya goge da ƙyallen aljihunsa.

Sarkin masaƙa ya ce, "Mushe, a yi masa haƙuri. Yunwa ce ta koya masa wannan, yanzu kuwa an ƙoshi."

Aka yi dariya. Mushe bai yi ba, amma ya rufe kaye. Ya ce zaren kamfani zai riƙa zuwa a kamiyo kowane wata, ba sauran wahalar buhu, ya kuma gode wa baba da ƙoƙarinsa.

Maigidana ya dawo gida da ƙwaryarsa a hannu biyu, bai zubar da ko ɗigo ba. Washegari da hantsi ya tumɓuke turakun masaƙa daga gindin tsamiya ya shigo da su cikin gida. Ya kafa ta jikin ɗakina, ya yaye zana guda ta baya don zaren ya wuce cikin karan gona. Ya tsaya yana haki. Sannan ya nuna mini wurin zamansa.

"Uwar ɗiya, zo ki zauna."

Na ce me mutane za su ce.

Ya ce, "Mutane suna can ɗakin kwano."

Na zauna. Ƙafafuna suka ƙi jin magana, in na taka dama sai hagu ta bi. Ƙoshiya ta yi ta faɗuwa ƙasa. Bai taɓa yi mini tsawa ba, sai dai ya ɗauko ya kaɗe mata ƙasa ya miƙo. Ruwan ƙaro ya fi saƙar wuya. Yakan kama hannuna ya tsoma, ya buɗe mini yatsu da nasa, ya ce in daina kallo, in ji. Wata rana ya haɗa ƙwarya uku bai faɗa mini wadda ta yi daidai ba. Na zaɓi ta tsakiya. Ya zubar da sauran biyun.

Da jikinsa ya yi nauyi sai ya koma kan tabarma a ƙofar ɗaki, idonsa a rufe, yana saurare. Da kunne yake gyara ni. Ya ce bugun nan ya yi sanyi, ko ya ce na ja gefen hagu fiye da dama, in na duba haka ne. Masu wucewa ta bayan zana suna jin ƙarar masaƙa, suna ɗaga murya suna yi masa barka da samun sauƙi. Yakan amsa daga kwance.

Abu na ƙarshe da ya sa ni saƙawa fari ne tas, ba ratsi. Bai faɗa mini na mene ne ba, ban kuma tambaya ba. Na gama ranar Talata. Ya sa na ɗora masa a ƙirji, ya bi shi da yatsu daga farko har ƙarshe, ya sami wuri ɗaya da zare ya ɗan yi kumburi, ya tsaya a kai, ya wuce. Ya rasu ranar Juma'a bayan azahar.

Da aka nemi likkafani na miƙa farin nan ta hannun ƙanensa. Ina cikin ɗaki ina jin mazan da ke ɗinki a tsakar gida. Muryar sarkin masaƙa ta fi ta kowa. Ya ce ashe marigayi ya ɓoye audugar ƙwarai tun shekarun ƙoshi, wannan ba tarkacen buhu ba ne, shi da ganin zare ya sani. Ya ce hannun marigayi kuma ba ya ɓoyuwa, ba mai wannan bugun a ƙasar nan sai shi. Na ji sauran suna cewa haka ne, sarki, haka ne. Sarkin masaƙa ke nan, zare a hannunsa, bai gane zaren ba, bai gane hannun ba.

Zaren kamfani ya zo sau biyu. Na uku ba a sake ganin kamiyo ba, mushe kuma aka yi masa canjin wurin aiki. Samarin istaj suka watse. Makiyaya dai ba su daina tambayar gwadon buhu a kasuwar Guci ba.

Bayan na fita takaba sarkin masaƙa ya yi sallama a ƙofar gidana. Ya daɗe yana gaisuwa. Ya ce marigayi ɗan'uwansa ne na jini da sana'a, wasa ne kawai ke tsakaninsu. Can ya zo ga abin da ya kawo shi: ko marigayi ya bar wata laya, ko wani rubutu, ko ya faɗa mini abin da yake tofawa a ruwan nan.

Na shiga na ɗauko ƙwaryar ƙaro da buhu guda na ajiye a gabansa.

Na ce, "Ga abin da ya bari, sarki. Ka zauna ka zare buhun nan tukuna, in ka gama sai in kama hannunka in nuna maka."

Ya dubi ƙwaryar, ya dubi masaƙar da ke bayana da rabin gwado a kanta. Na ga lokacin da ya gane. Ya gyara rigarsa, ya ce rana ta yi, zai aiko.

Ya aiko kuwa. Bayan kwana uku matar ɗansa ta shigo da goyo a baya, ta ce an ce ta zo ta ga yadda ake yi ta koma ta faɗa. Na ce abin ba ya faɗuwa da baki. Na ba ta buhu. Ta zauna ta zare shi tas ba ta ɗaga kai ba, na kama hannunta na tsoma a ƙwarya. Ta dawo washegari, ta zo da maƙwabciyarta.

Namiji maigidana ya nema, ya bi gida-gida yana tari. Ba ko ɗaya da ya zo. Mu huɗu ne muka iya a ƙarshe, duk mata, duk a bayan zana. In gwadunanmu suka isa kasuwa, mazan garin ne ke shimfiɗa su, suna gaya wa masu saye cewa saƙar garinmu gado ce tun kaka da kakanni.