Gyaɗar da ɓera ya ci ya yi ƙiba

Shekarun baya can, lokacin da naira take sabuwa a hannun mutane, muna zaune a unguwar Abakpa. Na fara aikin akawu ke nan, ina jin duk gidan babu mai ilimi kamata.

Da damina mahaifiyata ta tafi Zariya jinyar ƙanwarta, ta bar mini amanar 'ya'yan agwaginta goma sha ɗaya. Ba ta da abin so kamarsu. Dusa ta ƙare, sai na tuna da buhun gyaɗarta a ɗakin ajiya. Ɗigar ruwa ta jiƙa shi, ya yi fumfuna. Amma ƙananan ɓeraye sun daɗe suna ci, har sun yi ɓul-ɓul. Na ce abin da bai kashe ɓera ba ina zai kashe agwagwa? Na daka gyaɗar na zuba wa 'ya'yan agwagin, ina yaba wa kaina dabara.

Kafin mako ya zagayo sun daina ci. Bakwai suka mutu. Hankalina ya tashi, na ɗauki gawar ɗaya na kai wa maƙwabcinmu, wani dattijo mai aiki a asibitin dabbobi. Ya feɗe ta, ya nuna mini hantar ta kumbura ta koɗe.

Na ce, "Baba, ai ɓera na ci, lafiyarsa lau."

Ya ce, "Wane ɓeran? Iri biyu ne, ƙarami da babba, mu dai duk ɓera muke ce musu. Ƙaramin nan hantarsa na da sinadarin da ke karya dafin fumfuna kafin ya yi ɓarna. Babban ba shi da shi sosai, dafin cinye masa hanta yake. Agwagwa kuwa ta fi su rauni. Malam akawu, shaidar da ka kafa ba ta da amfani."

Ranar da mahaifiyata ta dawo na gaya mata komai, kaina a ƙasa. Ta daɗe tana kallon huɗun da suka rage. Ina jiran faɗa, sai ta ce, "Ka fitar da buhun ka ƙona. Da ma niyyata in na dawo in soya gyaɗar in yi mana ƙuli-ƙuli da ita."

Har yau ina jin kunyar wautata. Amma duk sanda na tuna maganarta sai tsoro ya kama ni, domin mu tara ne a gidan, har da ƙananan yara, kuma duk cikinmu babu wanda ba ya son ƙuli-ƙulinta.