Bismillar da Na Sa a Saman Fayil

Aji huɗu na yi a firamare na fita. Riɗi da agushi nake sayowa a Agyaragu da Obi in sayar a kasuwar Lafia. Ni ban nemi kwamfuta ba, babbar 'yata ce ta kawo ta gidanmu a Akurba da ta gama karatu. Ta buɗe wa shagona shafi a intanet, ta ce shi za ta riƙa nuna wa masu ɗaukar ma'aikata su ga aikin hannunta.

Kafin ta tafi Abuja neman aiki ta zaunar da ni ta koya mini. Fayil ne guda, rubutu kamar na wasiƙa. A can sama akwai 'yan sanduna uku a kwance. A tsakiya kuma wasu kalmomi cikin baka masu lanƙwasa. Ta ce waɗannan umarni ne, na'ura na karantawa ta aikata, su ke jawo hotunan buhuna. Nawa dai in rubuta kayan da suka iso in danna maɓalli, sauran kar in taɓa.

Ranar da sabon riɗi ya shigo na buɗe da hantsi. Ban taɓa umarninta ba, wallahi. Na dai ga takarda ta fara haka kawai babu sunan Allah, ni kuwa ko jerin cefane zan rubuta sai na sa Bismillah a sama. Na hau kan sandunan nan na rubuta, na danna.

Shafin ya ɓace. Fari fat, sai jan Turancin da ban iya karantawa ba. A ranar ne kuma, ƙarfe biyu, za a yi wa 'yar tawa intabiyu na neman aiki.

Na kashe na kunna. Na sake. Gumi ya jiƙa mini riga. Uwarta ta leƙo ta tambaya ko lafiya, na ce ta ba ni wuri. Shekarun da yarinyar nan ta kwashe tana karatu nake ta hangowa, ga ni na rushe su kafin azahar. Sau uku ina ɗaukar waya ina ajiyewa.

Ɗaya da rabi na kira. Tana zaune a bakin ofishin, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce in karanto mata daga farko. Na karanta.

"Baba, dole sandunan su zo farko. Goge layin da ka ƙara."

"Ke, da hannuna zan goge sunan Allah?"

"To kar ka goge. Sa sababbin sanduna a samansa, ka cire na ƙasansa."

Sannan ta sa na ɗora wata alama mai kama da tsani a gaban Bismillar. Ta ce duk layin da ke da ita na'ura tsallakewa take yi. Na yi da yatsa ɗaya, ina kuskure tana gyara mini, ina jin ana kiran sunayen mutane a bayanta. Na danna na rufe ido. Da na buɗe, ga buhunana. Ta ce ita ake kira, ta kashe waya.

Sun ɗauke ta aikin. Bismillar tana nan a layi na biyu, ba mai ganinta sai ni. Har yau in zan buɗe fayil ɗin, sai na faɗe ta da baki kafin in taɓa komai.