Tofin Ya Fanna

Ya Fanna Babarbariya ce daga Katagum. Da mijinta ya rasu ta dawo Azare, ta samu aikin wanke kwalabe a wani ɗakin magani, tun ana yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu. Mace ce mai tausayi har ya yi yawa. Ko akuya ta gani tana ɗingishi sai ta tsaya ta yi mata addu'a.

Daga baya aka ƙara mata aikin dafa ruwan sitaci. Malam Talha, mai gwaje-gwajen wurin, yakan zuba fitsarin mai ciwon ciki a ruwan nan, ya ɗiga aidin. In ya yi shuɗi, lafiya lau. In bai yi ba, fitsarin ya cinye sitacin ke nan, alamar mugun ciwo. Wannan bayanin bai fi numfashi biyu ba, amma shekara da shekaru ba wanda ya ga ta isa a yi mata shi. "Dafa, ki kawo," shi ke nan. Abin da ke ƙona mini rai ke nan har yau.

Ita a zatonta magani ne ake ba marasa lafiya. Ranar da aka kawo Bubayero, wani yaro makiyayi daga Gololo, yana murƙususu, sai tausayi ya kama ta. Ta karanta abin da ta iya, ta yi tofi a tukunyar, kamar yadda kowace uwa ke yi wa ruwan shan ɗanta. Ashe yawu ma yana cinye sitaci. Ruwa ya ƙi yin shuɗi, aka ɗora Bubayero a mota sai Kano, alhali tsutsar ciki ce kawai.

Da Malam Talha ya bincika, ba ta ɓoye ba, har da murmushinta.

"Ƙazama!" ya daka mata tsawa a gaban jama'a. "Wa ya aike ki? Ajiye mabuɗin ɗakin, ki fita."

Sa'ar uwarsa ce fa! Shi da ya yi ta rowar magana, ko gezau. Ita aka kora.

Ta ajiye, ta gyara mayafi. A bakin ƙofa ta juyo.

"Malam, na ji, na tafi. Amma don Allah, yaron nan ya samu ya sha kafin a tafi da shi?"