Ranar da Muka Je Aron Talauci

Akwai abin da mutum kan manta tun kafin rana ta faɗi, akwai kuma wanda ko daga barci aka tashe shi zai ba da labarinsa tiryan-tiryan. Ranar da muka je aron talauci a wani ƙauye bayan Tsibiri tana cikin kashi na biyu. Ba na jin zan manta da ita muddin ina numfashi.

A lokacin ina koyarwa a wata lakwal a Sabon Gari, nan Maradi. Kowace shekara rediyo kan karanto mana jerin ƙasashen duniya, daga masu hali zuwa marasa shi, wai an auna samun mutane da karatunsu da tsawon ransu. Mu dai mun san wurinmu: can ƙasa, inda mai karatun ke isowa muryarsa ta gaji. A fadarmu ta shan shayi mun mai da abin kamar gasar ƙwallo. Wani tela a cikinmu yakan ce, "Ko ba komi, akwai abin da muka fi kowa a duniya." Mu yi dariya, a ɗora shayi na biyu.

Mutum ɗaya ne bai ɗauki abin da wasa ba, shi ne yayana, ɗan wan mahaifina. Ubansa babban alhaji ne, manyan motocinsa na ƙetara iyaka da kaya ba dare ba rana. An ba Yaya jari ya karya, aka sake ba shi ya sake karyawa, sai ya buɗe ƙungiyar taimakon talakawa, da buro, wato ofis, mai labule da kujera mai juyawa. Jarinsa na wannan karon ba mai karyewa ba ne, don magana ce guda: "Ƙasarmu, wadda ta fi kowace ƙasa talauci a duniya." Da ita yake buɗe zance da masu ba da agaji, kamar sallama.

Kwatsam wata shekara rediyo ta ce mun ɗaga. Wasu ƙasashe da yaƙi ya ɗaiɗaita sun gangaro sun zauna ƙasanmu. Tela ya ce shi dai tukunyar gidansa ba ta ji sanarwar ba. Muna cikin wannan raha sai ga Yaya ya faka mota, ya fito fuska a murtuke kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Mushe, an cuce mu," ya ce da ni, don haka ake kiran malamin lakwal a wurinmu. "Shekara da shekaru muna riƙe da wurin nan ba mu takura wa kowa ba, rana ɗaya a zo a ture mu?"

Na ce, "Yaya, ai abin murna ne."

Ya yi mini kallon da ake yi wa wanda karatu ya lalata. Sannan ya yi mini bayani. Injin ban ruwa na wasu masu lambu a Jiratawa ya mutu, kuma har da lambun mahaifina a ciki. Yaya ya nema masu sabo a wurin wasu masu agaji, magana ta kusa nuna, sai ga wannan sanarwa. Yanzu sun ce kuɗinsu kaɗan ne, sun fi son kai shi inda wuta ta fi ci, amma za su turo wata Baturiya ta gani da idonta kafin a yanke. Ni zan yi tafinta, tunda Faransancina ya fi nasa tsayuwa. Na yarda, domin na ga yadda tattasan mahaifina ya fara sunkuyar da kai.

Muka fara zuwa Jiratawa duba wuri. Yaya ya tsaya bakin hanyar ruwa, ya dubi zogalen maƙwabta kore shar, ya dubi babura jere a gindin mangwaro, ya dafe kai. Ya ce wa zai ga wannan ya ba ka ko dala? Mutanen suka ce ai injinsu dai ya mutu da gaske, a nuna mata shi. Yaya ya ce su bar masa aikinsa, mataccen inji ba ya sa Bature hawaye. Dabararsa ita ce a kwashi mutanen Jiratawa a kai su wani wuri mai kama da abin da rediyo ke faɗi a da.

Ya samo wurin a wani ƙauye bayan Tsibiri: gida mai ɗaki ɗaya da rufinsa ya rufta ta gefe, da rumbu wanda babu ko zangarniya a ciki. Mai gidan wata tsohuwa ce da mijinta ya rasu, ɗanta ya tafi ci-rani shiru. Yaya ya yi mata alheri, ya ce ta je maƙwabta ta wuni. Na tambaye shi me ya sa ba za a bar ta ta yi maganar da kanta ba. Ya ce ya gwada ta, ba ta iya ba, komi aka tambaye ta sai ta ce alhamdu lillahi. Wani laifin nata kuma, tsakar gidan a share take ƙal. Sai da aka kawo kara da tsummoki da fasassun ƙore aka watsa.

Wadda aka ba matsayin mai gidan ita ce ƙanwar mahaifiyar Yaya, wata hajiya ƴar Jiratawa, dillaliyar busasshen zogale, mace mai jiki da murya. Aka cire mata awarwaro, aka ɗaura mata wani koɗaɗɗen zane. Abu ɗaya ya gagara cirewa, haƙorin Makka. Yaya ya ce, "Inna, don Allah ki rufe baki da mayafi, kuma kome aka ce kada ki yi dariya."

Baturiyar ta iso da hantsi cikin babbar mota kat-kat, rana ta riga ta mai da ita ja. Mace ce mai natsuwa, ba ta da wulaƙanci. Ta zauna kan tabarma, Inna ta fara kuka daga bayan mayafi, kuka mai tsari, da hawa da sauka. Ni kuwa ina juyawa zuwa Faransanci ina duban ƙasa. Komi na tafiya yadda Yaya ke so, har wani dattijo daga masu lambun, wanda zaman ƙaryar ya gundura, ya ce, "Mushe, tambaye ta, su can ƙasarsu akwai talakawa?"

Ta ce akwai sosai. Ta ce kowace ƙasa da ma'auninta, wanda ake kira talaka a wurinsu yana iya kasancewa da firji da tsohuwar mota, amma ya kasa biyan haya, sanyi ya same shi a titi. Ban kai ga fassara zancen hayar da titin ba, ina faɗin firji da mota kenan, Inna ta manta da aikinta.

"Talaka da mota?" ta ce, ta tafa hannu. "Ku kawo mana irin wannan talaucin mu ɗana!"

Ta ƙyalƙyale da dariya, mayafi ya zame, rana ta daki haƙorin zinariya ya yi wal. Baturiya ta zuba masa ido. Yaya ya matso kunnena ya ce in gaya mata ciwon haƙori ne, haka yake sa shi ya yi rawaya. Na ce masa ban san sunan wannan ciwon da Faransanci ba.

Ana cikin wannan sai muka ji sallama. Tsohuwar mai gidan ce, da ƙwarya a hannu, an rufe da faifai. Ashe zama ya gagare ta, ta ce ba a taɓa yin baƙo a gidanta ya tashi bai sha ruwa ba. Ta samo ɗan gero a maƙwabta ta dama. Zanenta guda ne, an wanke shi har ya zama kamar takarda, amma babu datti ko ɗigo. Ta durƙusa ta ajiye ƙwaryar gaban baƙuwa, ta ɗago, sai ta ga tsakar gidanta. Ban taɓa ganin kunya irin wadda na gani a fuskar nan ba.

"Ɗana," ta ce da ni, "ka ba ta haƙuri. Wallahi ba haka nake zama ba."

Ta jawo tsintsiya ta fara shara, muna zaune. Babu wanda ya iya ɗaga ido. Baturiya ta tambaye ni wace ce wannan, na ce mai gidan ce. Ta dubi Inna, ta dubi Yaya. Ta tashi ta bi tsohuwar, ta tambaye ta yadda take rayuwa. Tsohuwa ta ce alhamdu lillahi, akwai waɗanda ta fi, ga wani makaho can ƙarshen gari da ba shi da mai ɗebo masa ruwa. Sai ita ma ta tambaya me ya kawo baƙuwa wannan nisa. Na yi mata bayani a taƙaice: ana auna ƙasashe, da mu ne na ƙarshe, yanzu an sami waɗanda suka fi mu shiga uku, ana shawarar wa za a taimaka.

"Su waɗancan, mi ya same su?"

Na ce yaƙi.

Ta dakata da shara. "Allah sarki. Su ko barci ba su yi kenan. To a kai masu mana."

Yaya ya yi wani sauti kamar wanda ƙashi ya maƙale wa. Ya ce kada in fassara. Amma baƙuwar ta riga ta tsare ni da ido, na fassara mata kalma da kalma. Ta ɗauki ƙwaryar ta sha, ta yi godiya da hannu biyu, ta shiga mota. Mu ma muka kama hanyar Maradi.

Injin dai ba a ba mu ba. Daga baya muka ji cewa da an kai ta Jiratawa ta ga mataccen injin da lambunan da ke bushewa, da wataƙila an yi wani abu, don irin aikin da suke so kenan. Tattasan mahaifina na wannan shekarar ya ƙone, kuma mahaifin nawa ya daɗe ba ya amsa gaisuwar Yaya. Masu lambun suka haɗa kai bayan girbi suka sayi wani tsohon inji na hannu, yana tari yana aiki. Buron Yaya ya rufe, ya koma kantin ubansa, inda har yau in aka taɓo zancen yakan ce tsohuwar nan ce ta kashe masa kasuwa.

Wadda abin ya fi shiga jikinta ita ce Inna. Ta ce tun da take ba ta taɓa jin ta yi tsirara ba sai ranar, a cikin zanen aro. Kafin damina ta sa aka gyara rufin ɗakin, ta cika rumbun da gero, kuma ba ta bari kowa ya ɗauki hoto ba. Ta ci gaba da zuwa ƙauyen har tsohuwar ta rasu, ita ce ma ta yi mata wanka.

Yanzu da na manyanta ba na raina masu auna ƙasashe, aikinsu suke yi, kuma yunwar da suke ƙirgawa gaskiya ce. Abin da na koya a gidan nan dai shi ne, mai talaucin gaske ɓoye shi yake yi, ya wanke shi, ya share shi, har ya nemi wanda ya fi shi wahala ya tausaya masa. In ka ga mutum ya ɗauko talauci a kai yana tallarsa da babbar murya, ka duba da kyau, da wuya ka tarar nasa ne.